Taswira a Matsayin Shaida: Sharhi a kan Neman Tarihin Bebeji Cikin Tsofaffin Taswirori

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ɗalibai masu rubuta tarihin garuruwansu sun sami wata sabuwar hanya wadda magabatansu ba su samu da sauƙi ba, watau duba tsofaffin taswirori. Abin da a da sai mutum ya yi tattaki zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, ko ma zuwa Landan, kafin ya gani, yanzu manyan ɗakunan karatu sun ɗauki hotonsa sun sa a intanet. Wannan ci gaba ne, kuma abin murna ne. To, amma a kundayen da suka biyo ta hannuna na lura da wata ɗabi'a da ke neman zama jiki. Ɗalibi zai manna hoton taswira a babi na biyu, sa'an nan ya yanke hukunci da ita kamar alƙalin da ya saurari shaida guda ya rufe shari'a. In sunan garinsu bai fito ba, sai ya ce ba a kafa shi ba tukuna a lokacin. In kuwa ya fito da manyan baƙaƙe, sai ya ce ai birni ne tun fil azal.

Manufar wannan maƙala ita ce a feɗe taswira kamar yadda ake feɗe waƙa ko ƙagaggen labari, a tambayi wanda ya zana ta, da abin da ya kawo shi, da wanda ya zana wa. Na zaɓi garin Bebeji, wanda ke kudu maso yamma da birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 45, domin ya zama abin misali. Dalili kuwa shi ne, gari ne na karkara a yau, amma ya daɗe yana bayyana a rubuce-rubucen baƙi, saboda haka ana iya bin sawunsa daga wannan taswira zuwa waccan. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, taswira ta fi iya ba da labarin hanya bisa ga labarin gari, kuma wanda ya gane haka shi ne zai ci moriyarta.

2.0 Taswirar Matafiya

Kashi na farko shi ne taswirorin da suka fito daga tafiye-tafiyen Turawa 'yan leƙen ƙasa a ƙarni na 19. Kyaftin Kilafaton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya fara shiga Kano a watan Janairu na 1824 daga wajen Barno. A zuwansa na biyu ya taso daga Badagiri, ya ratso ƙasar Yarabawa da Busa da Zariya, ya yada zango a Bebeji a watan Yuli na 1826 kafin ya ƙarasa Kano. Ya rasu a Sakkwato a 1827, baransa Landa ya koma da takardunsa, aka buga su a 1829 tare da taswirar hanyar da ya bi. A cikin littafin ya rubuta sunan garin "Baebaegie", ya siffanta shi da garin fatauci mai ganuwa, ya kuma ƙiyasta mutanensa daga dubu 20 zuwa dubu 25.

Wannan shaida ce mai daraja, domin ta ganau ce. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata mai nazari ya auna kafin ya jingina da ita.

Na farko shi ne matsayin gari a kan takarda. Matafiyin wancan zamani yana iya gano nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa ta hanyar auna tsayin rana da tsaka, kuma ba ya cika yin kuskure. Amma gano matsayinsa ta fuskar gabas da yamma yana bukatar agogo mai tsananin daidaito, agogo kuwa ba ya jure zafi da ƙura da jijjigar raƙumi. Shi ya sa Kilafaton ya ajiye Kano a digiri 12 arewa, wanda daidai ne, amma ya ba ta digiri 9 da minti 20 gabas, alhali tana wajen digiri 8 da minti 31. Watau ya tura birnin gabas da kusan kilomita 90, ya kuma ja garuruwan da ke kewaye da shi suka bi shi. Duk ɗalibin da ya ɗora irin wannan taswira a kan ta zamani, ya ga ba su dace ba, ya ce ashe garin ya taɓa yin ƙaura, to, ya gina tarihi a kan kuskuren awo.

Na biyu shi ne yawan jama'a. Shi dai wannan matafiyi ya ƙiyasta mutanen birnin Kano daga dubu 30 zuwa dubu 40, Dokta Barth kuma da ya zo a 1851 ya ce dubu 30. In aka karɓi lissafin yadda yake, Bebeji ta fi rabin Kano ke nan. Mai kwana ɗaya ko biyu a gari ba ƙidaya yake yi ba. Faɗin ganuwa yake dubawa, da cikar kasuwa, da abin da mai masaukinsa ya gaya masa. Ganuwar ƙasar Hausa kuwa takan kewaye gonaki da kududdufai da filin kiwo domin ranar tsare, garin zango kuma yakan cika ya batse da rani lokacin da ayari ke tafiya, ya sake raguwa. Abin da za a iya ɗauka daga wannan adadi shi ne garin ya cika wa baƙon ido ƙwarai, har ya ga ya cancanci a jera shi kusa da manyan birane. Wannan kaɗai ma ba ƙaramin bayani ba ne.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne farin fili. Taswirar matafiyi zare ce guda da aka ja a kan takarda, garuruwa suna rataye a jikinsa kamar tsakiya a jikin tasbaha, dama da hagu kuwa fayau. Wannan fari ba daji ba ne. Iyakar ganin mutum ne daga kan doki. Ƙasar Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson ƙauyuka a Afirka ta Yamma, amma ƙauyen da ke bayan tudu, tafiyar rabin sa'a daga turba, bai shiga ba. Bebeji ta shiga ne domin tana kan hanyar Zariya zuwa Kano. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma taswirarsa ta gaji wannan makanta.

Taswirorin Barth, waɗanda masanin nan Bajamushe Petermann ya tsara, suka fito cikin littattafansa biyar a 1857 da 1858, sun fi cika nesa ba kusa ba, amma su ma suna da nasu sharaɗi. Barth da kamfas da agogo ya yi aiki, yana rubuta inda ya dosa da tsawon lokacin da ya yi yana tafiya. Bai taɓa zuwa Zariya ba. Abin da ya sani game da hanyoyin kudancin Kano daga bakin fatake da malamai ya tattara shi, suna lissafa masa zango bayan zango. Saboda haka wani sashe na abin da ɗalibi ke ɗauka shaidar Bature ce mai rinjayar maganar baka, asalinsa maganar baka ce ta madugai, aka juye ta a kan takarda a Turai. Wanda ya ƙi labarin tsohon garinsu ya karɓi wannan, ya ƙi abu ne a ƙwarya ya karɓe shi a faranti.

Kada kuma a zaci wannan rauni na baƙi ne kaɗai. Taswirar da aka zana a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka bai wa Kilafaton a 1824, wadda aka buga a Landan a 1826, hankalinta yana kan ƙasashe da manyan birane da koguna, har ta nuna Kwara tana gangarawa gabas zuwa Masar, abin da tafiyar Landa da ƙanensa ta warware a 1830. Kowace taswira tana kallon ƙasa ne daga inda mai ita yake zaune.

3.0 Taswirar Masu Mulki

Kashi na biyu ya fara da zuwan soja. A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Kanar Molan ta taso daga Zariya bisa umarnin Gwamna Lugga, ta bi wannan turba dai ta fatake. Bebeji ce gari na farko a ƙasar Kano da ya rufe mata ƙofa. Aka harba igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin ya rasa ransa tare da waɗansu manyansa, rundunar ta wuce ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato. Zanen da hafsa ke yi a irin wannan tafiya yana kula da mashigin rafi da rijiya da ganuwa da tsawon tafiyar yini, domin waɗannan su ne bukatun mai jan runduna. Ga mai neman sanin yadda garu da ƙofofi suke a farkon ƙarni na 20, irin wannan zane yana da amfani. Ga mai neman unguwar marina ko makarantar allo, ba shi da abin cewa.

Bayan soja sai mai haraji. Cikin 'yan shekaru aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a ƙasashensu, Turawan mulki suka riƙa zagayawa suna rubuta rahoton ƙiyasin haraji, kowane da ɗan zanen gunduma a maƙale. Tun kafin Yaƙin Duniya na Farko aka shigo da awon taki a waɗansu sassan ƙasar Kano, inda malaman taki ke auna gona da ƙafa domin a yanka mata kuɗi gwargwadon faɗinta. Nan ne farin filin da matafiya suka bari ya fara cika da sunayen ƙauyuka. Ɗalibi mai gaggawa sai ya ga kamar ƙauyukan sun tsiro ne a zamanin Turawa, alhali abin da ya tsiro shi ne bukatar sanin wanda zai biya.

Wannan kashi ma yana da tasa karkata. Kafin Turawa, mulkin ƙasa ya fi rataya a kan mutane da biyayya: gari kaza yana bin hakimi kaza da ke zaune a birni, maƙwabcinsa yana bin wani dabam, Fulanin daji kuma suna bin ardonsu duk inda suka sauka. Taswirar gunduma ba ta iya ɗaukar wannan saƙa, sai ta ja layi guda ta ce nan ne iyaka. Haka kuma takan rubuta sunan ƙauyen da ke da dagaci, ta haɗiye unguwannin da ke ƙarƙashinsa, ko da wata unguwar ta girme shi. Matsalar ba a kan takarda ta tsaya ba. Har gobe ana ɗaukar irin waɗannan layuka a kai gaban hukuma a rigimar iyaka da ta sarauta, a ce ga yadda abin yake tun kaka da kakanni, alhali layin ba ya wuce shekara ɗari da 'yan kai, kuma sauƙin tara haraji ne ya haife shi.

4.0 Taswirar Safiyo

Kashi na uku shi ne taswirorin da aka yi daga hotunan jirgin sama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman masu ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 a takarda ke daidai da kilomita 1 a ƙasa. A nan an rabu da matsalar agogo. Rafi yana inda yake, dutse yana inda yake, ana ganin turbar ƙafa da fadama da shatar tsohuwar ganuwa. Wannan ita ce taswirar da ta fi dacewa a riƙe a hannu a shiga gari da ita.

Darajarta a yankin Bebeji ta ƙaru saboda wani dalili na musamman. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, ruwan ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, aka tashi ƙauyukan da ke cikin kwarin aka sake musu matsuguni. Ga jikokin waɗannan mutane, taswirar da aka buga kafin madatsar ita ce takardar da za ta nuna musu inda gidan kakansu da maƙabartarsu suke a ƙarƙashin ruwa. Wannan aiki ne da babu wata shaida da za ta yi shi kamar taswira, kuma ya isa ya sa a daina barin waɗannan takardu suna ruɓewa a ɗakunan ajiya na ma'aikatu.

Duk da haka, hoton sama siffa yake ɗauka, ba ya ɗaukar suna. Sai daga baya ma'aikaci ya bi ƙasa yana tambaya, ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Da yawa daga masu wannan aiki ba su ƙware da Hausa ba, kuma injin buga taswira bai damu da baƙaƙe masu lanƙwasa ba, ko da yake an shigo da su cikin rubutun boko tun shekarun 1930. Sai ƙofa ta koma kofa, ɓaure ya koma baure, tsawon wasali da karin sauti kuma dama ba a nuna su. Mai son ciro asalin gari daga ma'anar sunansa, in ya dogara da rubutun taswira bai je ya ji yadda 'yan garin ke furta shi ba, zai iya ƙaga wa mutane kakan da ba su taɓa yi ba.

5.0 Abin da Jerin Ya Nuna

In an jera kashi ukun nan aka karanta su tare, wani labari yana fitowa wanda babu ɗayansu da ta faɗe shi ita kaɗai. A taswirar ƙarni na 19 Bebeji tana kan babban zare. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga Zariya, bai bi ta cikin garin ba, tashoshinsa suka faɗa a wurare irin su Ɗangora da Madobi. Babban titin mota na yanzu, wanda ya bi ta Kura da Ciromawa da Kwanar Ɗangora, shi ma sai an ratse daga kansa ake shiga garin. Bebeji tana nan inda take, hanya ce ta ƙaura ta bar ta. Garin da abincinsa ke zuwa daga saukar ayari, da sayar da hatsi da harawa da masauki, in jaki ya bar aiki ga jirgin ƙasa, dole arzikinsa ya bi hanyar.

Rayuwar mutum guda ta isa misali. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Ya yi fatauci har bakin teku a ƙasar da ake kira Gana yanzu, amma da jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa, birnin Kano ya zauna, can ya yi dukiyar da ta sa ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, har ya rasu a 1955. Taswira ta nuna dalilin da ya sa irinsa suka bar garin. Amma babu taswirar da ta rubuta kalmar Agalawa, balle ta faɗi daga ina suka zo, ko wace unguwa suka zauna, ko ɓangaren da suka bi a Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895. Haka nan tsohon masallacin garin, wanda ake kira masallacin Haɓe, yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe, amma a taswira ɗigo ne kamar kowane ɗigo.

A nan ne harshe ke shigowa, kuma a nan ne nake ganin kundayenmu suka fi yin sakaci. Sunayen wurare su ne taswirar da mutanen ƙasa suka zana da bakinsu. Inda aka ce Zango, ayari ya taɓa sauka. Inda aka ce Kufai, an taɓa zama an tashi. Karofi yana nuna rini, Maƙera tana nuna ƙira, Gandu ko Rinji yana nuna babbar gonar da bayi suka noma, Ruga tana nuna Fulani, sunan ƙofa kuma sau da yawa yana faɗin garin da hanyarta ta nufa. Yawancin waɗannan ƙananan sunaye ba su kai ga takarda ba, suna bakin tsofaffi da manoma da masu unguwanni. Duk tsohon da ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, ya tafi da wani yanki na wannan taswira, kuma babu ɗakin karatun da zai maido da shi.

6.0 Kammalawa

Ba nufina ba ne in sa ɗalibai su yi watsi da tsofaffin taswirori. Abin da nake nema shi ne a bi da su yadda ake bi da kowace shaida. A fara tantance shekarar da aka yi awo, domin takan riga shekarar bugu da nisa, kuma masu bugu sukan kwafi kuskuren juna. A san ko mai zanen ya taka wurin da ƙafarsa ko an gaya masa ne. A nemi taswira uku ko huɗu na zamani dabam-dabam a jera, a dubi abin da ya sauya, musamman hanyoyi. Kada a ɗauki rashin suna a matsayin rashin gari. Daga nan sai a ɗauki takardar a je garin, a zauna da masu shi, a bi gwalalo da ragowar ganuwa da ƙafa, a rubuta kowane suna yadda aka furta shi, da lanƙwasarsa da karinsa.

Inda taswira da maganar dattawa suka dace, an sami tabbaci. Inda suka saɓa, kada a yi saurin ba takarda gaskiya don kawai tana da lambobi a gefenta, kada kuma a ba dattijo don kawai furfurarsa. Saɓanin shi kansa abin bincike ne, kuma galibi a nan ne sabon sani yake ɓoye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda ya hango rufin daga nesa shi ma ya ga wani abu. Aikin mai rubuta tarihin ƙaramin gari shi ne ya zaunar da su biyun a tabarma ɗaya, ya saurari kowa, tun ganuwar ba ta gama zama gona ba.